Akwatin ampili da tsohon badukun unguwarmu

Waɗanda sunka halarci bikin ƙanwata bayan girbin bara sun ga wani baƙin akwati gefen rumfa, sautin jita na fita cikinshi. Har wani ya tambaye ni ko daga Yamai na sayo shi. Nan Dogon Kiriya na haɗa shi, kuma saura ƙiris in cinna mishi wuta don haushi. Ga yadda anka yi.

Tun da na ji cewa Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa jitarshi ta farko, na daina jiran kayan kanti. Na samu ƙaramin ampili na tsohuwar rediyon mota, da lasifika mai inci 12, da batir mai volt 12 wanda fano ke cikawa. Kafinta ya yanka mini katako, na buga da ƙusa. Sauti kam ya fita ras, sai dai abin ya yi kama da akurkin kaji.

Babanmu ba ya son jita. Kullum maganarshi guda ce: "Mu ba maroƙa ba ne." Inna ce ta yi ta lallashi har ya yarda in kaɗa ranar bikin, ya bi ni da kalma ɗaya: "Kar ka kunyata mu." To, yaya zan aje wannan akurki gaban surukai?

Na sai da waken da na noma, na bi ta Matankari zuwa Dutsi, na je wajen masu rufe kujerar moto. Na sayi mita 2 na baƙar ledar nan da muke ce ma sikai, da gwangwani guda na kol mai ruwan ɗorawa irin na masu gyaran takalmi. Sunan sikai ma daga Skai ya fito, tambarin wani kamfanin Jamus. Na kuma gani a waya cewa Fender na Amurka wajen 1960 ya koma rufe akwatunan ampili da irin wannan leda mai suna Tolex, kafin nan da yadi yake rufewa. Na ce ashe aikin kujerar moto ne, mi zai gagara? Kuɗin sake sayen wata ledar kuwa babu.

Kuskurena na farko, ban goge katakon ba, duk kan ƙusa ya fito ƙarƙashin leda kamar ƙurji. Na biyu, gefe guda na shafa ma kol, na manna tun yana ɗanye, sai ledar ta kumbura nan da can. Na uku, cikin ɗaki na yi aikin don gudun ƙurar hunturu, warin kol ya sa kaina juyawa har sai da na fito na zauna ƙasa. Da na iso kusurwa, na yanke fiye da kima, katako ya leƙo. Kusan rabin leda ya tafi a banza, biki saura kwana 4.

Ina zaune ƙofar gida na tasa akwati gaba, sai ga tsohon badukun unguwarmu, mai ɗinkin layu da gafaka da kube. Ya tsaya ya duba, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ɗana, mi kaka yi haka? Ko laya ba a rufe ta haka."

Na ce, "Baba, wannan leda ce, ba fata ba."

Ya ce, "Kusurwa dai kusurwa ce. Ɗauko shi mu tahi."

Gindin bedin ƙofar gidanshi munka zauna, inda iska ke wucewa, nesa da murhu, don kol ɗin nan wuta yake kamawa. Ya sa na ɓare komai, na kankare tsohon kol, na nutsar da kan ƙusoshi, na cike ramukan da garin katako. Ya ba ni magagari na rage kaifin gefuna, don leda ba ta son lanƙwasa kan kaifi. Kafin in taɓa ledar da ta rage, sai da munka gwada da takardar buhun siminti har ta zauna daidai, sannan munka aza ta kan leda munka yanka.

Ya ce in shanya ledar a rana kaɗan ta yi laushi. Kol kuma gefe biyu, jikin katako da bayan leda, siriri, a jira kamar minti 10 zuwa 15 har in ka taɓa bai biyo yatsa ba. In sun haɗu sun haɗu ke nan, babu gyara. Daga ƙasan akwatin munka fara don mahaɗin ya ɓuya can, ina bi da kwalba daga tsakiya zuwa gefe ina korar iska. Duk sa'ad da na ja da ƙarfi sai ya buge mini hannu: "Abin da ka ja da tsiya, gobe zai koma inda ya fito."

Kusurwa kuwa ga sirrinta: ka kwantar da leɓe guda kan ɗan'uwanshi, ka sa sabuwar reza ka yanke su tare a karkace, ka cire guntayen sama da ƙasa, sai bakin biyu su haɗu cif. Akwati kusurwa 8 gare shi. Biyun farko sun yi muni, ta takwas ni kaina sai da na yi murmushi. Leda ba ta kai murfin baya ba, na shafa mishi baƙin fenti. Tsohon ya yanko jar fatar akuya, ya yi ma kowace kusurwa ƴar hula, mai kyau da mummuna duka sunka rufu. Na miƙa mishi ɗan abin da ya rage a aljihuna, ya ce in kai kasuwa in sayo mishi goro.

Ranar biki na kaɗa har bayan la'asar. Da jama'a sunka watse, na ga Baba ya tsaya wajen akwatin, yana shafa jar fatar nan da babban yatsa.

"Wa ya yi wanga?"

"Ni ne, Baba, da tsohon baduku."

Ya ɗan yi shiru, ya ce, "Aiki ya yi kyau." Kan kiɗan bai ce uffan ba, har yau kuma bai ce ba. Amma da can bayan rumbu nake ɓoye akwatin, yanzu cikin zaure yake kwana, shi da kanshi ya ce raɓa za ta ɓata shi.

Matasa masu shirin irin wannan aiki, ku sayi leda da rara, ku yi aikin kol a fili, yara na nesa. Kafin ku sa reza kuma, ku leƙa wajen badukun unguwarku da goro a hannu. Allah shi ƙara ma tsofaffinmu lafiya, shi sa albarka ga sana'ar kowa.