Belbeji: mai ido da kunne ba ya rasa abin faɗi

Wani saurayi na ƙasar Belbeji ya komo daga cirani. Ya tarar an gama girbi, samarin garinsu suna shirin wasan kwaikwayo. Suka ce shi zai tsara musu labarin, tunda shi ya ga duniya. Ya kwana 3 yana tunani, bai samo kome ba. Sai ya tafi wajen kawunsa, ya ce: "Kawu, me za a faɗa a kan ƙasar nan? Daga rairayi sai ƙaya. Labari yana birni." Tsohon ya yi dariya, ya ce: "Ɗana, tafi ka yi sammako bakin rijiya, ka yini kasuwa, ka yi hira da tsofaffi. Kana ka komo mu yi magana."

Tsohon nan ya san ƙasarsa. Ga abin da mai bin shawararsa zai gani.

Ina ne Belbeji?

Belbeji tana cikin jihar Damagaram, a ƙasar Damargu. Tanut tana gabas da ita, Dakwaro tana yamma. Da can Tanut ke riƙe da ita. A shekarar 2011 aka raba su, Belbeji ta zama departama mai zaman kanta. A ƙidayar 2012 mutanen ƙasar sun haura 90.000.

Garin yana yankin kwarin Tarka. Wannan tsohon kwari ne, ya miƙe yamma har wajen Madawa. Ruwan sama kaɗan ne a nan. Damina ba ta cika wuce wata 3 ba. Itatuwan ƙasar su ne aduwa, bagaruwa, farar ƙaya, anza da tumfafiya. Kudu gonakin hatsi da wake, arewa makiyaya. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa, don dabbobi su samu wurin kiwo. Saboda haka ƙasar Belbeji mahaɗa ce. Hausawa, Buzaye da Fulani suna shan ruwan rijiya guda, suna cin kasuwa guda. Inda harsuna 3 suka haɗu kuwa, magana ba ta ƙarewa.

Bakin rijiya

Da rani, tun asuba ake jin kukan shanu. Rijiyoyin ƙasar suna da zurfi. Hannu kaɗai ba ya iya jan wasaki. Sai an ɗaura igiya ga raƙumi, ko sa, ko jakuna. Yaro ya kora dabbar ta yi nisa. In wasaki ya iso baki, mai tarba ya ɗaga murya, yaro ya juyo. A zuba ruwa cikin kwami, a sake. Haka za a yini.

Wanda ya zauna ya kasa kunne zai ji aikin nan yana da kiɗansa. Igiya na kuka, mai tarba na kira, yaro na amsawa, ruwa na zuba. Waƙar aiki ma haka take: ɗaya ya bayar, saura su karɓa.

Makiyayi kuma ya san kowace saniya da sunanta. Launinta, ƙahonta ko halinta shi ke ba ta suna. Yana yi mata kirari, ita kuma ta san muryarsa. Mutumin nan bai shiga lakwal ba, amma a garke guda yana rarrabe launi fiye da yadda ɗan birni zai iya. Wannan ido shi ne jarin mai hikima.

A bakin rijiya ne kuma labari ke sauka. Wa ya zo daga arewa, ina aka yi ruwa, ina ciyawa ta ƙone, raƙumin wa ya ɓata. Mai neman abin faɗi ya zo da kunnensa kawai.

Cikin kasuwa

Ran kasuwa, a fara da wurin dabbobi. A dubi dillali. Yana riƙe da hannun mai saye, yana lallashin mai sayarwa. Wannan ya ce albarka, ya juya baya kamar ya tafi. Dillali ya bi shi, ya jawo shi. A ƙara jika guda, a yi rantsuwa, a yi dariya, a sallama. Wasan kwaikwayo ke nan cikakke, ba wanda ya rubuta shi.

Daga nan a wuce wurin mata masu awon hatsi da tiya, da masu nono da fura. A dubi ƙoren da aka yi wa zane. A dubi rigunan Fulani Bororo. Matansu ke yin ɗinkin da allura, kuma zanen yana da suna. Daga zaman ruga suke ɗauko shi, kamar igiyar ɗaure maruƙa, ko hanya mai lanƙwasa. Matan maƙeran Buzaye suna rina fata ja da kore, su yi jaka da matashi da adon sirdi. Mazansu suna ƙera zobe da takobi. Babbar rigar Bahaushe ma, shahararren aikinta sunansa aska takwas.  Duk masu sana'ar nan abin da ke gabansu suka kalla.

A kasuwa kuma ake jin wasan taubashi. Bafillace ya gamu da Babarbare, kowa ya ce shi ne ubangijin wani. A yi ta ba'a, ba mai fushi. Sau da yawa wasan nan ya kashe faɗa tun bai tashi ba. A shekarar 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin kayan gadon duniya.

Gona da tsakar gida

Da damina, in an kira gayya, makaɗi yana bin bayan manoma. Ba ya zuwa da waƙa a aljihu. Yana duban wanda ya wuce gaba ya yabe shi. Yana duban wanda ya laɓe gindin aduwa ya yi masa zambo. Nan take rago zai ɗauki hauya. A tsakar gida, mata 2 ko 3 suna daka a turmi guda. Taɓarya na tashi, tafi na shiga tsakani. A cikin waƙar daka mace take faɗin abin da ke ranta, na kishiya, ko na mijin da ya daɗe cirani bai aiko ba.

Manyan mawaƙan Hausa ma daga irin wannan wuri suka taso. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, tallar goro ya yi yana yaro, kuma a dandali da kasuwa ya fara waƙa. An san shi da tsara waƙa nan take a kan abin da ya gani. Ɗan Anace na ƙasar Sakkwato, manoma da ƴan dambe ya yi wa waƙa har sunansa ya kai ko'ina.

Da dare kuma yara su kewaye kaka. Ta ce: shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya. Su ce tsintsiya. Ta ce: baba na ɗaka, gemunsa na waje. Su ce wuta da hayaƙi. Tsintsiya da hayaƙi, wane gida ne babu su? Amma sai da wani ya dube su da kyau kafin su zama kacici-kacici.

Sunayen shekaru

Hirar tsofaffi ba duka ba ce mai daɗi. Damargu rumbun hatsi ce tun zamanin ayari, amma ta sha fari. Tsofaffi ba sa ƙidayar shekara da lamba, da suna suke kiranta. Yunwar 1913 zuwa 1914 ana ce mata Kakalaba. Ta 1984 zuwa 1985 ana ce mata El Buhari, don a lokacin ne shugaban Najeriya Muhammadu Buhari ya rufe iyaka, hatsi ya yi wuyar shigowa. Kalma guda ta riƙe tarihin shekara guda.

A cikin hirar nan akwai ilimin tsira. Tsohuwa ta san yadda ake jiƙa ƴaƴan anza kwana da kwanaki, ana sake ruwa, har ɗacin ya fita a ci. Tsoho ya san hanyar da aka bi da shanu a farin 1973, da rijiyar da ba ta ƙafe ba. In suka tafi ba wanda ya ɗauka, ilimin ya bi su kushewa. Samari da yawa suna cirani. Waɗanda ke gida kuma salula ta ɗauke musu hirar dare.

Kada a ce zancen ƙauye ba ya shiga littafi. A watan Janairu na 1851 wani Bajamushe mai suna Barth ya ratsa Damargu tare da ayarin gishiri. Da ya gama yawonsa, a 1855 ya tafi Ingila da wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, ɗan wani ƙauye na ƙasar Damagaram. A can wani Bature mai suna Schön ya zaunar da yaron, yana faɗi ana rubutawa. Labarin gidansu ya bayar, da na tafiyarsa, da tatsuniyoyi. Maganarsa ta fito cikin littafin Magana Hausa a 1885, kuma har yau masana na karanta ta.

Komowar saurayi

Bayan kwana 7 saurayin nan ya koma wajen kawunsa. Ya ce: "Kawu, na samo. A rijiya na ji ana gardama a kan ɓarnar gona. A kasuwa na sake jin ta." Tsohon ya ce: "Madalla. Amma ka yi adalci, kada ka ɗora wa mutum guda laifi."

Haka aka yi. A cikin wasan, wani manomi ya ci burtali da shuka, yana cewa taki ɗaya ne kawai. Wani makiyayi kuma ya saki shanu da dare tun ba a kwashe damma ba, yana cewa barci ne ya sace shi. Suka kai ƙara gaban mai gari, kowa na rantsuwa. Wani dillali ya shiga tsakani, yana cinikin diyya kamar cinikin akuya. Manoma da makiyaya suka zauna tabarma guda suna kallo. Kowa ya ga kansa, kowa ya yi dariya. Da aka watse, dattawa suka tsaya suna zancen burtalin garin, inda ya tsuke da yadda za a buɗe shi kafin shuka.

Saurayin bai je birni neman labarin nan ba. Abin da ya yi, kowa na iya yi. Wanda ya ji karin magana a bakin tsoho, ya riƙe. Wanda ya iya alƙalami, ya samu ɗan littafi ya rubuta sunayen shekaru, da na rijiyoyi, da na shanu, ya karanta wa ƴaƴansa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Allah ya ba Damargu damina mai albarka, ya zaunar da manomi da makiyayi lafiya. Amin.