Dare Biyu a Ƙasar Lafiya: Ɗakin Bulo da Ɗakin Ƙasa

Duk matafiyin da ya baro Akwanga cikin watan Maris, ya wuce duwatsun Nasarawa Eggon, ya gangaro ta Shabu, ba sai an gaya masa ya kusa Lafiya ba, jikinsa ne zai sanar da shi. Garin a kwarin Binuwai yake, zafinsa kuwa ba irin na Kano ba ne mai busar da leɓe. Wannan tafe yake da gumi, tun da hantsi riga ke manne wa mutum.

Barebari ne suka kafa Lafiya a ƙarƙashin Muhammadu Dunama wajen ƙarshen ƙarni na 18. Ran 1 ga Oktoba 1996 aka yanke Jihar Nasarawa daga Filato, aka mai da garin hedkwata, sa'an nan a 2011 aka kafa masa jami'ar tarayya. Ma'aikata da ɗalibai suka yi ta kwararowa, gonakin doya suka zama unguwanni, ko'ina ka duba sai bulo da kwano.

A irin wannan sabuwar unguwa na yi daren farko. Ɗakin bulo ne mai inci shida, rufin kwano ba silin, taga guda. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare na dafa bangon yamma na ji shi da ɗumi kamar gefen tanda. Da wuta ta ɗauke sai kowa ya kwashi tabarma ya fito tsakar gida, har da mata masu goyo, muka miƙa kanmu ga sauro.

Kashegari na tafi Kwandare, ƙaramin gari kusa da Lafiya, inda wani dattijo ya sauke ni a ɗakin da mahaifinsa ya gina. Ginin ƙasa ne, kaurin bangon ya kai kamu guda, jinkar ciyawa ta sauko ta yi masa inuwa. Ba fanka, ba wuta, amma barci na yi har kiran assalatu.

To, mai karatu, ba tsafi ba ne. Bangon ƙasa mai kauri a hankali yake shan zafin rana, kafin zafin ya ratsa shi dare ya yi, iska ta huce. Ciyawar jinka kuwa cike take da iska a tsakaninta, iskar da ke tsaye wuri ɗaya kuma ba ta saurin miƙa zafi. Amma kwano ƙarfe ne, da tsakar rana hannu ba ya iya taɓa shi, in kuwa babu silin kai tsaye yake zuba zafin a kan masu ɗaki.

Duk da haka ba wauta ce ta sa mutane suka guji jinka ba. Ga gobara, ga gara, ga wahalar sauya ciyawa bayan 'yan shekaru, ga damina mai tsawo daga Afrilu zuwa Oktoba wadda ke cin gindin bango. Abin takaici shi ne an yar da tsohon gini tare da hikimar da ke cikinsa. Yara da tsofaffi su ne ke biyan wannan bashi, da ƙurajen zafi da rashin barci. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, tayar da janareta ya fi ƙarfin talaka, fanka kuma iskar zafi kawai take juyawa in rufin bai gyaru ba.

Gyaran kuwa ba ya bukatar dukiya mai yawa. Mai sabon gida ya sa silin, ko da na zana ne ko katako, ya bar tazara tsakaninsa da kwano, ya buɗe ƙananan kafofi don iskar da ta yi zafi ta sami hanyar fita. Ya guji silin asbestos, domin ƙurarsa tana cutar da huhu. Ya shafa wa kwano farin fenti, ya yi tagogi biyu masu fuskantar juna, ya dasa mangwaro ko dogon yaro ta yamma. Mai tsohon gida kuma ya kare gindin bango da dutse, ya tsawaita bakin rufi don kada ruwa ya doki ginin, in zai sa kwano kada ya bar shi tsirara.

An gwada wannan a ƙauyen Gando na Burkina Faso, inda Francis Kéré ya gama wata makarantar firamare a 2001 da tubalin ƙasa, ya ɗaga kwanon sama yadda iska za ta ratsa. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, mafi girma a fannin zanen gine-gine.

Da zan bar Kwandare na ga ɗan mai masaukina yana jera bulon sabon ɗakinsa, taku goma daga ɗakin kakansa. Fatana ya leƙa ciki da azahar kafin ya ɗora kwano. Gyara kayanka, in ji Hausawa, ba ya zama sauke mu raba. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.