Daren Da Na Kalli Wasan Matilda A Birnin Landan

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, amma ban taɓa zaton ilmin da zan samo a Ingila a gidan wasan yara yake jirana ba. A cikin watan Disamba na 2019 na je Landan ganin likita, na sauka a gidan ɗana. Wata rana da yamma sai ya shigo da tikiti uku, ya ce, "Baba, gobe za mu kai amaryarka kallo." Jikanyata yake nufi, wadda a lokacin shekarunta takwas. Na ce masa ni na girma da kallon raye-raye, amma yarinyar ta riƙe mini hannu ta ce, "Kaka, in ba ka je ba na fasa auren." To, wane ango ne zai ji wannan ya zauna?

Sunan wasan Matilda. An ɗauko shi daga littafin Roald Dahl, marubucin nan da aka haifa a Wales a 1916, ya rasu a 1990. Littafin ya fito a 1988. Dennis Kelly ne ya mai da labarin wasan kwaikwayo, Tim Minchin kuma ya tsara waƙoƙinsa. An fara nuna shi a 2010 a garin Stratford, mahaifar Shakespeare, sa'an nan aka kawo shi gidan wasa na Cambridge da ke tsakiyar Landan a 2011, inda a shekarar da ta biyo ya ci lambobin yabo na Olivier har guda bakwai. Irin wannan wasa ya bambanta da wanda muka saba, domin a cikinsa ana magana sai a ɓarke da waƙa, kuma waƙar ita ce ke ci gaba da ba da labarin, makaɗa suna biye da 'yan wasa a nan take.

Da muka shiga, abin da ya fara ɗauke mini ido shi ne dandalin. An kewaye shi da 'yan allunan katako masu ɗauke da haruffa, tun daga ƙasa har sama, kamar an watsa littafi ya manne a bango. Da fitilu suka dushe, ɗaki ya yi tsit, sai yara ƙanana suka fito suna waƙa da rawa, ba mai tuntuɓe, ba mai mantuwa. Ni da na yi shekara talatin ina koyarwa, na san wahalar da ake sha kafin a jera yara goma a layi ɗaya, don haka na jinjina wa waɗanda suka horar da su.

Labarin na wata yarinya ce 'yar shekara biyar mai kaifin basira, wadda ta koya wa kanta karatu, alhali iyayenta ba abin da suka tsana kamar littafi. Uban dillalin tsofaffin motoci ne, maha'inci, wanda don tsananin son ɗa namiji har yakan kira ta yaro. Uwar kuwa ba ta da aiki sai gasar rawa. Mafakar yarinyar ita ce laburare. Da aka sa ta makaranta sai ta faɗa hannun shugabar makarantar, Trunchbull, tsohuwar gwanar jifan guduma, wadda ke kulle yara a wani ɗan kurkuku mai ƙusoshi. Namiji ne ya fito a matsayinta, ƙato, kuma da ta kama wata yarinya ta kitso ta wulwula ta jefar, sai da na miƙe rabi daga kujera. Jikanyata ta ja mini riga tana dariya, ta ce, "Kaka, dabara ce."

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, akwai abin da bai kwanta mini ba. Matilda ta rama wulaƙancin ubanta ta hanyar ɓata masa man gashi da shafa masa gam a hula, jama'a kuwa suna tafi. Mu da aka rene mu bisa biyayya ga iyaye, wannan abu yana da nauyi, kuma har yau ban yarda ɗa ya yi wa mahaifinsa haka ba. Amma da na ƙara tunani sai na ga wasan ya ɗora tambayar a kan manya ne: idan biyayya wajibi ce a kan ɗa, mene ne wajibin uba?

Wadda ta girgiza ni kuwa ita ce Malama Honey, malamar ajin Matilda. Mace ce mai kirki, ta gane baiwar yarinyar tun ranar farko, amma tsoro ya cika ta. An nuna ta tsaye a ƙofar ofishin shugabar makaranta, tana so ta ƙwanƙwasa, hannunta yana rawa. A nan ne na daina ganin dandali, na koma gidanmu na 1974.

A wannan shekara ina kwalejin horon malamai, ƙanwata kuma tana aji huɗu na firamare, ita ke zuwa ta ɗaya kowane zango. Littattafaina na kwaleji take ɗauka ta karanta da fitilar kwai. Da na zo hutu sai na tarar an yanke shawarar a cire ta, ta taya mahaifiyarmu talla kafin a yi mata aure. Da dare ta same ni a zaure ta ce, "Yaya, kai Baba yana jin maganarka, ka roƙar mini shi." Na ce mata to. Sau uku ina zuwa ƙofar turakar mahaifinmu ina juyowa. Hutu ya ƙare, na koma makaranta ban ce uffan ba. Shekara biyu bayan haka, a 1976, aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, amma ita lokacin tana ɗakin miji. Mahaifinmu mutumin kirki ne, abin da zamaninsa ya sani ya yi, kuma mai yiwuwa da na yi magana da ya saurara. Ban ba shi wannan dama ba.

Bayan hutun rabin lokaci aka sauko da lilo daga sama, yara suna shillo har bisa kawunan 'yan kallo, suna waƙar abin da suke fatan yi in sun girma. Da suka watse, Malama Honey ta zauna a kan lilon ita kaɗai tana irin wannan fata, ga ta kuwa babba. Hawaye ya zubo mini. Ɗana ya gani ya kau da kai, kamar yadda ya kamata.

A ƙarshe Matilda ta motsa alli da ƙarfin idonta ta yi rubutu a allo, Trunchbull ta firgita ta gudu, Malama Honey ta sami gidan mahaifinta da aka ƙwace, ta kuma yi ƙarfin halin roƙon a bar mata yarinyar ta riƙe. Wannan almara ce. A duniyarmu ba yarinyar da alli zai tashi ya kare ta. Abin da take da shi kawai shi ne wani babba da zai buɗe baki a kan lokaci.

Da na dawo gida na ziyarci ƙanwata, na ba ta labarin wasan, na nemi gafararta. Ta yi murmushi ta ce ta daɗe da yafewa, amma in ina son in biya bashi, ga jikokinta mata biyu. Tun daga ranar kuɗin makarantarsu yana wuyana.

Ya kai malami, ko wa, ko kawu, in akwai wata yarinya da ke jiran ka yi magana dominta, kada ka bari hutu ya ƙare. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya cikin ladabi, amin.