Maraɗin da Na Sani

A Kabo, zamanin ƙuruciyarmu, sunan Maraɗi ba ya tashi sai da dare. Kakata ce ke tayar da shi, bayan an suɗe akushi an hure aci-balbal don tsimin mai, ta jingina da bangon ɗakinta mai ƙanshin daddawa da hayaƙin kara, ta shiga ba mu labarin da ita ma a bakin tata kakar ta ji: yadda dawakin Maraɗawa kan ɓullo bayan an kai amfanin gona rumbu, yadda ake rufe ƙofofin ganuwa a Gwarzo da Ƙaraye, mata su saɓa goyo su kora awaki cikin gari, maza su hau kan badala da kwari da baka. In ta zo kan sunan sarkinsu Ɗan Baskore sai ta sassauta murya, ga shi kuwa ƙasa ta daɗe da rufe idonsa. Mu dai sai mu ƙara matsawa jikinta.

Da wannan Maraɗin na tashi a raina. Saboda haka da ranin 1983, da Kawu ya ce wa Inna zai tafi da ni in riƙa kama masa kaya, ban iya cin tuwon dare ba. Kawu fataucin kwanuka yake yi, langa da fanteka da kumbo da samira, ya saro a Kano ya kai can, ya juyo da wake da fatu. Har yau ina mamakin yaron nan mai 'yar shara da fiɗe-wuya, wanda iyakar duniyarsa kasuwar Getso da bakin ruwan Guzuguzu, yadda ya ɗaure layar da Inna ta ɗinka masa a damtse, ya haye bayan a-kori-kura ya zauna kan buhu, bai yarda kowa ya ga ƙwallarsa ba.

Muka bi ta Gwarzo da Dayi, muka faɗa titin Katsina a Gidan Mutum Ɗaya, muka kwana a tasha, kwanukan nan suna ta ƙaraurawa duk ramin da mota ta faɗa. Da safe sai Jibiya, sai Magama. A Ɗan Isa na fara ganin jandarma, na kuma ga Kawu ya kwance lalitarsa daga ƙugu, ta jiƙe da gumi har ta yi baƙi, ya canji kuɗi a gindin wata bishiya. Ya miƙo mini dala guda, rawaya, da kan barewa a jikinta, ya ce, "Riƙe wannan, ɗana, ka sayi abin da ranka ke so." Ban saya ba. Na dunƙule ta a hannu tsawon hanyar da ta rage, har tafina ya ɗauki warin ƙarfe.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne faɗin titunan garin. Ni da na saba da lungunan da jaki mai mangala ke gogar katanga dama da hagu, sai ga tituna a miƙe sambal, suna gicciye juna, yashi ja a gefe, dogon yaro a jere, in ka tsaya a wannan kai kana hango wancan. Ga tsofaffin kantunan zamanin gyaɗa da manyan ƙofofin ƙarfe, ga motocin Alhazai suna wucewa a hankali, ga yara 'yan lakwal suna tafe da dogon burodi a hammata, mai ɓawo, wanda in ka karya shi sai ya yi ƙara. Ran Litinin da ran Juma'a kasuwa ke ci, kuma tun daga nesa hanci ke sanar da kai: man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kanwa, cuku a hannun Buzaye, da warin bagaruwa daga wajen masu fata. Can Kawu ya koya mini duba fatar jar akuyar Maraɗi. Ya ɗaga ta sama ya kalli rana ta cikinta, ya murza gefenta da yatsa biyu, ya kai hanci, sannan ya taya, da dillali ya ce, "Albarka," sai Kawu ya yi kamar zai wuce. Sai da aka kira shi.

Ɗan fatomanmu, sa'ana ne, shi ya ce in zo ya kai ni gulbi. Muka gangara ta bayan gari, ina ta shirya zuciyata ga ruwa mai ruri, muka isa na tarar da rairayi fari fat, shimfiɗe har inda ido ya gaji. Mata sun durƙusa sun tona da hannu kamu biyu ko uku, ruwa yana tsattsafowa a hankali, suna kwalfa da ƙoƙo suna zubawa a tulu. Na sha. Sanyinsa har cikin haƙori. A gaɓa kuwa lambuna ne kore shar a tsakiyar rani, albasa da tumatir da rogo da ganyen taba, mangwaro ya yi inuwa, jigo yana kuka duk sanda aka ja shi ƙasa.

Wani tsoho mai ban ruwa ya ga ina waige-waige, ya ce, "Yaro, kana neman gulbi? Kana bisa kainai." Ya nuna mini da haɓa wasu tsibin ƙasa cikin gonaki ya ce nan ne tsohon gari, nan aka yanke masa cibiya. Da daminar 1945 gulbi ya kawo cikin 'yan kwanaki ya narkar da gidaje, aka kwashe mutane aka hau da su tudu, Nasara ya ja igiya ya yanka titunan nan da nake mamaki. Da ya ji daga inda na fito sai ya yi dariya ya ce ai ruwan ma daga wajenmu yake zuwa: daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya ratsa Jibiya, ya bi ta gefen Madarumfa ya iso nan, ya wuce Tsibiri da Gidan Rumji, sannan ya karkata ya koma Najeriya ya faɗa gulbin Rima. "Baƙo na," in ji shi, "kamar ku. Shi kaɗai na duwan ba ta tsaida shi."

Ran Juma'a bayan an sauko muka tsaya a dandalin ƙofar fada. Sarki Buzu ne bisa gado. Algaita da kakaki suka tashi, dogarai suka yi ta kai da kawo, maroƙa suna kiran Ƙaura da Durɓi da Galadima da 'Yanɗaka, ni kuwa na riƙe hannun Kawu ina tambayarsa ko Katsina muka komo. Fatoma ne ya amsa. Ya ce sarautar tasu ai ta Katsina ce, ita suka ɗauko suka taho da ita bayan birnin ya fita hannun kakanninsu a 1807, har Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. Shi ya sa har gobe Sarkin Katsina suke ce wa sarkinsu. Gobirawa kuma suka kafa tasu a Tsibiri, nan kusa, gulbi ɗaya suke sha.

Amma abin da ya fi zauna mini a rai a cikin gida ya faru. Mahaifiyar fatoma, tsohuwa mai zanen saƙi da tsagar Katsinawa, tana zaune kan tabarmar kaba tana dama fura a ƙwarya, ƙaramin ludayi yana kewayawa, ƙanshin citta da kanumfari yana tashi. Ta ce, "Yaka, ɗiyana, sha hura. Kai ɗan wane gari na?" Na durƙusa na ce, "Kabo, Iya, kusa da Gwarzo." Sai ludayin ya tsaya. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce kakarta ta wajen uwa daga wannan yankin aka zo da ita, a bayan doki, tana 'yar yarinya da kitso biyu, kuma har ta rasu harshenta bai bar Kananci ba. Ta ce su ma da suna yara da dawakin Kano da na Katsina ake ba su tsoro, in an ce ga su nan sai a watse cikin kurmin gulbi. Ta ƙara mini nono a ƙwaryar. Tun daga ranar ba ta sake kirana da sunana ba, sai "ɗan gidanmu."

Daren nan na kwanta a zaure kan buhunan wake, ina jin kukan jakuna da kiran sallar da bai bambanta da namu ba, ina auna tsofaffi biyu da ba su taɓa ganin juna ba, kowacce da tsoron da ta gada, wataƙila kuma jininsu ɗaya. Yaro ne ni, ban san sunan abin da ya sauka daga ƙirjina ba. Na dai yi barci mai nauyi.

Da watan Afrilun 1984 aka rufe iyaka, aka canja kuɗi. Kwanukan Kawu suka yi ƙura a ɗakin soro, kuma ko da aka buɗe a 1986 ƙafarsa ta riga ta yi nauyi. Ni na ci gaba da zuwa jefi-jefi. Na ga an tare gulbin da dam a Jibiya, na ga gari ya miƙe ya haifi Zariya da Ali Ɗan Sofo a filayen da na sani gonakin gero, aka yi jami'a mai sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da dubu 260. An sake rufe iyakar a 2019, aka kuma rufewa a 2023, kowane karo talaka ne ya fara ji a tukunyarsa, nan da can. A 2021 aka aza harsashin titin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, ina kuma roƙon Allah ya nuna mini ranar da zan shige shi.

'Yan Kabo masu tasowa, duk wanda Allah ya hore wa kuɗin mota, ya daure ya je. Ya gangara gulbi ya sha ruwan rairayi, ya gaida tsofaffi, ya faɗi sunan garinsu da ƙarfi, domin akwai gidajen da za a tashi a shimfiɗa masa tabarma saboda sunan kawai. Mutanen Maraɗi danginmu ne, zumunta kuwa a ƙafa take.