Kilo Biyu Daga Ƙafar Babur ɗin Baba

Ranar da babur ɗin Baba ya faɗi, a tsaye yake. Ya dawo daga Keffi, ya iso ƙofar gida zai kafe shi, sai ƙafarsa ta hagu ta zame a kan tsakuwa. Muna ciki muka ji ƙara. Da muka fito mun tarar da shi yana kakkaɓe wando, babur na kwance, madubi ɗaya ya karye. Sai da wani maƙwabci ya kama mana kafin muka tayar da shi. Umma ba ta tanka ba a lokacin. Bayan isha'i ta kira mu ɗakinta, mu biyu 'ya'yanta maza, ta ce, "Ku za ku faɗa masa ya sayar da abin nan. Ni na faɗa har na gaji."

Babur ɗin Kawasaki Versys 1000 ne, irin wanda aka ƙera don doguwar tafiya, nauyinsa kusan kilo 250 idan tanki ya cika. Na hannu Baba ya saya, shekarar da ya yi ritaya. Tun daga lokacin kusan duk wata sai ya hau shi daga Jos ya gangara Hawan Kibo, ya bi ta Akwanga ya je Keffi gaida yayansa. Mun san yadda fuskarsa take idan ya dawo daga wannan tafiya, mun kuma san yadda take a makonnin da ruwan sama ya hana shi fita. Shi ya sa saƙon Umma ya yi mana nauyi a baki.

Washegari muka zauna da shi muka ce, "Baba, me ya fi ba ka wahala a babur ɗin nan yanzu?" Ya yi shiru, sannan ya dafa kafaɗarsa ta dama. Ya ce faɗuwar jiya tsautsayi ce kawai. Abin da ke damunsa kwane-kwanen Hawan Kibo ne. Kowace kwana sai ya yi kokawa da kan babur kafin ya kwanta masa, kuma kashegarin tafiya da ƙyar yake ɗaga hannu ya yi kabbara.

Bakaniken da ke duba masa babur ne ya fara kawo maganar wili. Ya ce, "Alhaji, da za a rage masa nauyin ƙafa, da ka ji bambanci." Mun ɗauka neman ciniki ne. Me kilo biyu zai rage a cikin 250? Sai da muka bi maganar a hankali muka gane cewa inda nauyi ya zauna ya fi yawansa muhimmanci. Duk wanda ya taɓa shiga gona da damina ya san haka. Ƙullin kilo ɗaya a ka ba ya hana tafiya, amma laka ta manne a tafin ƙafa, kafin a kai ƙarshen kunya an gaji.

Wili yana ƙarƙashin sifirin ne, shi ke hawa da sauka da kowane tudu da rami. Idan ya yi nauyi, da zarar ya daki tudu sai ya yi tsalle, sifirin ya sha wahalar mayar da shi ƙasa, kuma a wannan ɗan lokacin taya ba ta riƙe da kwalta sosai. Sannan wili juyawa yake yi. Injin sai ya tura shi gaba, ya kuma juya shi, birki ma sai ya tsayar da duka biyun. Saboda haka nauyin da ke can bakin wili yana cin ƙarfi kusan ninki biyu na wanda ke cikin jaka. Na ukun shi ne ciwon Baba. Mun yi gare-gare da wilin keke muna yara, mun san muddin yana gudu ba ya faɗuwa, ba ya kuma son a karkata shi. Wilin babur ma haka yake, gwargwadon nauyinsa da gudunsa gwargwadon taurin kansa. Da wannan taurin kai kafaɗar Baba ke faɗa a kowace kwana.

Wilin da ya zo da babur ɗin na alminiyam ne na zubi, wato an narka ƙarfen an zuba a mazubi, kamar yadda masu tukwane ke yi. Akwai na ƙira, wanda ake danne curin alminiyam da inji mai tsananin ƙarfi sannan a sassaƙe shi. Ƙira tana ƙara wa ƙarfe ƙwari, don haka ana iya rage masa kauri ya yi sauƙi. Kamfanonin Italiya irin su Marchesini da OZ sun yi suna a wannan. Akwai kuma na zaren kabon, irin wanda BST ke yi a Afirka ta Kudu, shi ne ya fi duka sauƙi, ya kuma fi tsada.

Mun yi kwanaki muna jayayya a kan na kabon. Idan sauƙi muke nema wa Baba, me zai hana mu kai maƙura? Hanyarmu ce ta raba gardamar. Wilin alminiyam na ƙira idan ya faɗa mugun rami yakan lanƙwashe, a gani da ido, a lallaɓa a kai gida. Kabon ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi, wani lokaci daga ciki inda ido ba ya kaiwa, kuma ba a buga shi ya miƙe. Muka tuna mai facin bakin hanya da ƙarafunansa na ɓamɓare taya. Ba za mu ɗora mahaifinmu a kan abin da ba wanda zai iya duba lafiyarsa tsakanin Jos da Keffi ba. Muka tsaya a kan na ƙira.

Kuɗinsa da na kawowa sun fi na sababbin baburan haya biyu. Mun haɗa, ɗayanmu ya ɗage gyaran rufin ɗakinsa zuwa bayan damina. Kafin mu biya mun tabbatar an yi shi ne don wannan samfurin, zai karɓi faifan birki da zoben da na'urar ABS ke karantawa, kuma zai ɗauki nauyin mutum biyu da kaya, domin wasu wilin don tsere aka yi su. Da suka iso muka kai tsofaffin da sababbin kan sikelin 'yan gwangwan. Bambancin kilo biyu ne da 'yan kai. Mai sikelin ya ji abin da muka kashe, ya dube mu, ya dubi sikelinsa, ya ce Allah ya sa alheri.

Bakanike ya ɗaura, ya ɗan sassauta saitin sifirin don ya dace da sabon nauyin. A tafiyar farko muka bi Baba a mota. A kwana ta farko ya kwanta fiye da yadda ya yi niyya, har muka ga ya ɗago da sauri, domin hannunsa ya saba da turawa da ƙarfi. Kafin mu kai gindin tsaunin ya gano bakin zaren. A Akwanga ya tsaya, ya cire hular kwano, ya jujjuya kafaɗa ya ce, "Kai, kamar an cire masa ankwa."

Mun dai san abin da kuɗinmu bai saya ba. A tsaye, babur ɗin nan har yanzu kusan kilo 250 ne, kuma ƙafar Baba ba ta ƙara ƙarfi ba. Umma ta fi mu gaskiya a nan, mun kuma faɗa mata haka. Sharaɗin da ta gindaya shi ne kada ya sake kafe babur shi kaɗai. Baba ya yi ta gunaguni, daga baya ya yarda. Mun share tsakuwar ƙofar gida mun zuba siminti. Yanzu idan ya shigo layinmu yakan danna oda sau biyu, duk wanda ke gida a cikinmu ya fito da sauri ya riƙe masa bayan babur har ya sauka.