Tsuntsun da Aka Harbe Ba Dalili

A shekara ta 1798 mawaƙan Ingila biyu, William Wordsworth da Samuel Taylor Coleridge, suka buga littafin waƙoƙi tare. Sun raba aikin: Wordsworth zai ɗauki abubuwan yau da kullum ya nuna mamakin da ke cikinsu, Coleridge kuwa, ɗan wani limamin ikilisiya a Devon, zai ɗauki al'amuran ruhohi ya sa mai karatu ya ji kamar gaske ne. Waƙar da ta buɗe littafin ita ce The Rime of the Ancient Mariner, labarin wani tsohon ma'aikacin jirgin ruwa.

Hadari ya kora jirginsu kudu, har ƙanƙara ta kewaye su. Sai wani babban tsuntsun teku ya fito daga cikin hazo. Suka ba shi abinci, ƙanƙarar ta tsage, suka sami hanya. Sai mutumin nan ya ɗauki baka ya harbe shi. Waƙar ba ta faɗi dalili ba, kuma nan ne abin tsoron yake.

Daga baya iska ta tsaya, ƙishirwa ta kama su, abokansa suka rataya masa gawar tsuntsun a wuya. Wani jirgin fatalwa ya iso, Mutuwa da abokiyar tafiyarta suna caca a kan rayukansu. Mutum 200 suka mutu, ya rage shi kaɗai. Ya so ya yi addu'a, ya kasa.

Abin da ya kuɓutar da shi ƙanƙane ne. Cikin farin wata ya ga macizan ruwa suna ƙyalli. A dā ƙyamar irin waɗannan halittu yake yi, amma a daren nan ya ga kyansu, ya sa musu albarka bai ko sani ba. Nan take bakinsa ya buɗe da addu'a, tsuntsun ya faɗi daga wuyansa ya nutse. Ya sami barci, aka yi ruwa.

Ga Coleridge, teku da iska ba kurame ba ne. Suna shaidar abin da mutum ya yi wa halittar Allah. Shi ya sa tsohon bai huta ba ko da ya koma gida. Yawo yake ƙasa ƙasa, yana tare mutane da labarinsa, har da wani mai hanzarin zuwa biki, wanda ya juya baya ga ƙofar ango, ya kwana yana tunani.