Daga Tudun Hatsi zuwa tagar biza: Arzikin da takarda ba ta san da shi ba

Idan kana son ka san ko akwai kuɗi a Gombe, ka je Tudun Hatsi da hantsi bayan an cire amfanin gona. Manyan motoci a jere, 'yan dako suna ta hawa da sauka, buhunan wake da masara da riɗi an jibge su har sun fi tsayin mutum. Za ka ga dattijo zaune a kan benci, rigarsa duk ƙura, wayarsa ƙarama mai maɓalli, amma kafin azahar ya sallami kayan miliyoyin naira zuwa Kudu. Kowa a layin ya san nauyinsa. Ko a Pantami ko a Jekadafari ya ce a ba shi bashi, babu mai neman shaida.

To, wannan dattijon ne zai nemi bizar ziyara a hana shi, alhali malamin makarantar da ke haya a gidansa ya samu. Kada ka yi saurin cewa hassada ce ko ƙin jini. Jami'in da ke duba takardun bai taɓa taka Tudun Hatsi ba, bai ga buhu ko ɗaya ba. Abin da ke gabansa shi ne takardar bayanan asusun banki ta 'yan watanni, ita kuwa ta nuna asusun da yake kwana babu komai, sai kwatsam wata rana miliyan ashirin ta faɗo, washegari ta fice.

Maganar ta shafi gidaje da yawa a garin nan yanzu. Akwai likitoci da ma'aikatan jinya da suka yi aiki a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, yau suna Ingila ko Saudiyya. Akwai 'ya'yan da ke karatu a waje, da 'yar da aka aurar can ta kusa haihuwa, da mai ciwon da likita ya ce ya riƙa komawa ana duba shi. Irin waɗannan ba tafiya ɗaya suke buƙata ba. Abin da ke raba su da wahala shi ne biza mai shiga da fita, wadda za ka yi ta amfani da ita har wa'adinta ya cika ba tare da ka sake cike fom ba.

Sai dai ka fara rarrabe abu biyu da mutane ke cakuɗawa: tsawon ran biza daban, kwanakin da aka yarda ka zauna daban. Bizar ziyara ta Birtaniya ana bayar da ita ta wata shida, ko shekara 2, ko 5, ko 10, amma a kowace shiga ba za ka wuce wata shida ba. Kuma idan suka lura ka mayar da ƙasar gida, kana fita ka sha iska ka dawo, suna iya tsayar da kai a filin jirgi duk da bizarka tana da rai. A ƙasashen Turai 29 da ke amfani da bizar Shengen, irin su Faransa da Jamus da Italiya, lissafin ya fi tsauri: kwana 90 ne a cikin kowane kwana 180. Uwar da ta je wankan jego ta yi arba'in biyu har da ɗoriya, sai ta ƙirga kwanakinta da kyau kafin ta ce za ta koma.

Mu fara daga gida. Fasfo dai a nan Gombe ake yin sa, a ofishin Hukumar Shige da Fice. Daga 1 ga Satumba, 2025 kuɗinsa ya koma naira 100,000 mai shafi 32 na shekara biyar, da naira 200,000 mai shafi 64 na shekara goma. In har biza mai dogon wa'adi kake hari, na shekara goman ya fi maka, domin ƙasashen Shengen ba sa ba da bizar da za ta zarce ran fasfo. Suna kuma son ya kasance yana da sauran aƙalla wata uku bayan ranar da za ka baro su, da shafi biyu da ba a buga komai ba. Saudiyya da Daular Larabawa wata shida suke nema.

Kafin ka biya ko sisi, ɗauko katin NIN ɗinka da takardar banki da takardar haihuwa ka jera su a tabarma. Mu nan mutum ɗaya yakan zama Muhammad a makaranta, Mohammed a banki, Mamman a takardar fili. Mace kuma ta ɗauki sunan miji a wuri ɗaya, na uba a wani wurin. Shekarar haihuwa ma sai ka ga an rage biyu saboda aikin gwamnati. A wurinmu wannan ba komai ba ne, a wurinsu mutum uku ne daban-daban. Gyaran yana cin makonni, don haka shi ne farkon aiki.

Sai babbar magana, wato kuɗi. Tambayar da kowa ke yi ita ce, nawa zan ajiye a asusu? Birtaniya ba ta yanke wani adadi ba. Abin da take so ta gani shi ne za ka iya biyan kuɗin jirgi da masauki da abinci ba tare da ka yi aiki a can ba, kuma kuɗin tafiyar bai fi ƙarfin abin da kake samu ba. Mai albashin naira dubu ɗari biyu da ya ce zai kashe miliyan shida a hutun mako biyu, dole a tambaye shi daga ina. Ƙasashen Shengen kowace tana da abin da ta ƙayyade na guzurin kwana ɗaya, a ninka da yawan kwanakin da za ka yi. Daular Larabawa kuwa ta fito fili: bizarta ta yawon buɗe ido mai shekara biyar tana buƙatar a ga dala 4,000 ko kwatankwacinta a asusu cikin wata shidan da suka gabaci nema, tare da inshorar lafiya. Wannan ƙa'idar kowa da kowa ce. Mai fasfon Najeriya ya saba cin karo da ƙari, domin an taɓa rufe mana ƙofar baki ɗaya daga 2022 har zuwa Yulin 2024.

A nan ne ejan zai ce maka ya san hanya. Zai ce a ara maka kuɗi a zuba a asusu na mako biyu, a buga takarda, a kwashe. Ni dai shawarata, ka gudu. Wanda aikinsa kullum shi ne karanta takardun banki, kallo ɗaya zai yi ya gane kuɗin aro, kamar yadda dillalin Tudun Hatsi ke gane waken da aka jiƙa don ya yi nauyi. Idan hana ka kawai aka yi, ka yi asarar kuɗin nema, wanda ba a mayarwa. Idan kuwa aka kama takardar jabu, Birtaniya tana iya haramta maka shiga na shekara goma, kuma ba za ta saurari cewa ejan ne ya cike fom ɗin ba. Sunanka ne a kai. Jikan da kake ɗokin gani zai gama firamare ba ka ɗauke shi ba.

Hanyar da ke ɓullewa tana da jinkiri, amma ba ta da wuya. Ka fara tun wata shida kafin lokacin, ko fiye. Cinikin da kake karɓa a hannu ka riƙa shigar da shi banki a kai a kai. Ka raba asusun kasuwanci da na cefanen gida. Ka yi wa sana'arka rajista da hukumar CAC, ka karɓi takardar shaidar biyan haraji. In ka sayar da shanu ko fili kuɗi mai kauri ya shigo, ka adana takardar cinikin, ka rubuta gajeren bayani ka haɗa. Ke ma uwargida, in kwasar adashe ce ta faɗo asusunki, ki faɗa a rubuce, domin baƙon da ke karantawa bai san adashe ba, amma zai fahimta in an yi masa bayani kuma ya ga zubin da kike yi duk wata. Gida ko filin da ke hannunka da takardar mai unguwa kawai, ka je hukumar GOGIS ka nemi takardar mallaka. Ba za ta maye gurbin kuɗi a asusu ba, sai dai tana nuna kana da abin da zai dawo da kai.

Wannan dawowar ita ce zuciyar al'amarin. Dokar Amurka ma ƙarara ta ce duk mai neman bizar ziyara ana ɗaukarsa mai niyyar zama ne har sai ya nuna akasin haka. Sauran ƙasashen ba su faɗa da wannan lafazin ba, amma tunanin ɗaya ne. Shi ya sa malamin makarantar nan yake samu: albashinsa yana shiga rana ɗaya duk wata, yana da takardar izinin hutu, matarsa da 'ya'yansa suna nan Tumfure. Saurayin da bai da aure bai da aikin da aka sani, ko ɗan gidan wane ne, shi ya fi shan wuya.

Idan ɗanki ko 'yarki da ke can ne za su ɗauki nauyin tafiyar, an yarda. Za su aiko da wasiƙar gayyata, da shaidar zamansu a ƙasar bisa ƙa'ida, da takardun albashi da na masauki, ku kuma ku nuna shaidar dangantaka. Amma ki kula da lafazi. Zuwa ganin jika ziyara ce. Rubuta cewa za ki je ki riƙe jariri na wata shida don uwar ta koma aiki, jami'i na iya fassara shi da aikin raino, kuma bizar ziyara ba ta yarda da aiki ba. Wanda kuma zai tafi da yaro ba tare da ɗaya daga cikin iyayen ba, ya tanadi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya da wasiƙar amincewar wanda ya rage a gida.

Kada ka ɗokanta ka nemi mai dogon wa'adi a karon farko. A farashin Afrilun 2025, bizar Birtaniya ta wata shida fam 127 ce, ta shekara biyu 475, ta biyar 848, ta goma 1,059. Suna da ikon su ba ka ta wata shida alhali ta shekara biyar ka biya, kuma ba sa mayar da canji. Turai ma tsani ta kafa tun 2020: wanda ya karɓi biza uku a cikin shekara biyu ya yi amfani da su yadda ya dace, ya cancanci ta shekara ɗaya, daga nan ta shekara biyu, sannan ta biyar. Kuɗin nema yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024, yuro 45 ga yaro ɗan shekara 6 zuwa ƙasa da 12, kuma dole a sayi inshorar lafiya da za ta iya biyan aƙalla yuro 30,000. Mai hawan jini ko ciwon suga ya karanta takardar inshorar da kyau, domin da yawansu ba sa biyan jinyar ciwon da mutum ya taho da shi daga gida.

Ƙa'idojin kuma ba sa zama wuri ɗaya. A Maris ɗin 2023 Amurka ta ƙara wa 'yan Najeriya wa'adin bizar ziyara zuwa shekara biyar, aka yi ta murna. Ranar 8 ga Yuli, 2025 ta mayar da ita shiga ɗaya, wata uku. A Disambar wannan shekarar kuma ta sa Najeriya cikin ƙasashen da ta dakatar da ba su bizar ziyara da ta karatu, in ban da wasu 'yan tsiraru da aka ware. Saboda haka labarin maƙwabcinka da ya je bara ba hujja ba ne. Ka buɗe shafin ofishin jakadancin da kanka a makon da za ka nema, ko ka sa yaron gida ya karanta maka.

Saudiyya ce ta fi damun mutanen Gombe, saboda Umara. Tun Satumbar 2019 ta buɗe bizar yawon buɗe ido mai shekara ɗaya, ana shiga ana fita, ana kuma iya yin Umara da ita. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ke samun ta kai tsaye ta intanet, sai dai an buɗe ƙofa ga mai riƙe da bizar Birtaniya ko Amurka ko Shengen mai rai wadda ya taɓa shiga da ita. Abu ɗaya da ba ya canzawa: ba a aikin Hajji da ita. A 2025 hukumomin Saudiyya sun sanar da tarar da ta kai riyal 20,000 ga wanda aka kama yana shirin Hajji ba izini, da kora, da haramcin shiga na shekara goma. Duk wanda ya ce maka ka shiga da azumi ka laɓe har Arfa, ka tambaye shi ko shi zai biya tarar.

Kar ka manta da allura. Mai fitowa daga Najeriya ana neman katinsa na rigakafin cutar shawara a Saudiyya da wasu ƙasashe da dama. Sau ɗaya ake yin ta a rayuwa, amma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar. Mai zuwa Umara ko Hajji kuma sai ya ƙara da ta sanƙarau, ita ma aƙalla kwana goma kafin isa. Mai juna biyu da dattijon da ya haura sittin su fara ganin likita kafin a yi musu ta shawara.

Bayan duk wannan sai tafiyar farko, wadda ba ta zuwa waje ba ce. Ɗaukar hoto da zanen yatsu na yawancin ƙasashen nan a Abuja ko Legas ake yi, kuma ba a aike. Ko dai ka hau jirgi a Lawanti in aljihu ya yarda, ko ka yi sammako ka kama hanyar Bauchi, ka wuce Alkaleri, ka hau tsaunukan Jos, ka gangara Abuja da yamma liƙis. Ka sa kuɗin mota da na masaukin kwana biyu a lissafinka, na kowane mutum ɗaya, har da tsohuwar da ba ta jure zaman mota. Ka kuma karɓi takardar asusunka a reshen bankinka na Gombe, da hatimi da sa hannu a kowane shafi, a cikin makon da za ka tashi. In ka karɓe ta tun wata guda baya, kana iya isa taga a ce maka ta tsufa.